Ba a Tsayawa a Kan Hawa

Wata uku cur Inna ta yi a ƙasar mutane, amma da za ka tsare ta ka ce ta faɗi abin da ta gani, ba zai wuce tagar ɗakin girki ba, sai filin ajiye motocin da ke ƙarƙashinta, sai bangon wani bene mai ruwan toka da ya tare mata sauran duniya. Autarta ce ta haihu, haihuwar fari, ga miji aikinsa ba ya barin shi zama. Shi ya sa aka ɗauko Inna a jirgi, aka hau da ita hawa na tara, aka miƙa mata jaririya. Daga wanka sai wanki, daga goyo sai jijjiga. Ba ta yi ƙorafi ba, jika ai ba abin ƙorafi ba ce. Sai dai gobe da safe jirginsu zai tashi, kuma ita har yau ba ta taɓa ganin teku da idonta ba. Ko a zuwa kujerar tsakiya aka ba ta, tsakanin wasu ƙattai biyu masu minshari.

Auta ta san da wannan, shi ya sa ta ware mata yini guda. Akwai wata hanya, in ji ta, da mutane ke ƙetaro ƙasashe don kawai su bi ta da mota. Ta jikin dutse aka sassaƙa ta, teku na can ƙasa, kuma an gina wuraren tsayawa har bakwai, kowane da abin dafawa da benci, don matafiyi ya sauka ya ba idonsa abinci. Ta buga taswirar a takarda, ta zagaye wuraren da jan biro. Inna ta ninke takardar ta sa a jaka, ta goge mayafinta mai kyau tun ana saura kwana uku.

Abin da su biyun ba su sa a lissafi ba shi ne Baba.

Sati guda ke nan da zuwansa, wai ya zo rakiyar matarsa gida. Shekara talatin da shida ya yi yana jan tirela kafin gwiwa ta ajiye shi, kuma a duk tsawon shekarun nan abokan aikinsa ba su san shi da wani suna ba sai Sai-Tasha, don in ya tada mota ba ya taka birki sai ya isa. Kafin ya taso daga gida sai da ya je ya yi lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa. Tun da ya sauka ya nuna wa Auta shi, ya nuna wa mijinta sau biyu, har jaririyar ma sai da aka buɗe mata ta ga hoto.

Da safe, bayan surukin ya tafi aiki, suka sauko filin motoci. Auta na fito da makulli Baba ya miƙa hannu.

"Baba, nan fa hannun tuƙinsu daban ne. Ga hanyar duk kwana-kwana."

"Ina raye, ina cikin mota, a ce 'yar cikina ce ke ja na? Kawo nan. Hanya ai hanya ce."

Auta ta dubi Inna, Inna ta dubi ƙasa. Daidai lokacin jaririya ta canyara kuka daga kujerarta da aka ɗaure a bayan ta direba, kamar an haɗa baki da ita. Auta ta saki makullin ta shiga baya. Inna ta zauna a gaba, ta ɗora jaka a cinya.

Farkon fita an sha kallo. Ya kai hannu neman giya ya doki ƙofa. Ya je kunna sigina sai abin goge gilashi ya hau rawa a busasshen gilashi. Ƙafarsa ta hagu kuwa ta yi ta laluben kuloci a motar da ba a halicce ta da shi ba, yana tsaki yana cewa wannan ba mota ba ce, keken ɗinki ne. Amma a faɗi gaskiya a daina zunubi, mutumin ya iya sana'arsa. Kafin su fita daga gari motar ta san mai ita ya zo. Ta kwanta masa luf, shi ma ya gyara zama, ya tura hula gaba, idonsa ya koma wani iri da Inna ba ta san shi da shi a gida ba.

Wajen ƙarfe tara suka kama hanyar dutsen. Nan Inna ta gano matsala ta farko. Ɓangarenta babu komai sai jikin dutse, baƙi, jiƙe, an lulluɓe shi da ragar ƙarfe, kusa da ita har tana ganin kamar zai goge mata kafaɗa. Teku na ɗaya ɓangaren. Tsakaninta da shi akwai hular Baba, da hancinsa, da layin motocin da ke tahowa, da wata katanga da aka ja a bakin hanya. In ta miƙa wuya sai ta ga wani haske can, ta rasa gane ko ruwa ne ko sama.

"Ba komai Inna," in ji Auta. "Yanzu za mu tsaya. Baba, ga allon can, mai hoton kyamara. Nan ne na farko, sai ka sa sigina ka tsallaka."

Baba ya dubi wurin da wutsiyar ido, ya ƙara wa motar wuta.

"Baba, ka wuce!"

"Na gani. Ba a tsayawa a kan hawa."

"Me zai faru in an tsaya?"

"Ke yarinya ce. In ka tsaya da kaya a kan hawa, wa zai tada ka? Baya za ta yi da kai. Na ga wanda ta yi wa haka, har yau da sanda yake tafiya."

"Wane kaya kuma, Baba? Filas ɗin shayi ne fa da burodi a but."

"Hawa hawa ne," ya ce.

Inna ta ciro takarda ta duba, ta ce a ranta saura shida, shida ma ai da yawa.

Na biyu ya zo a kan kwana. Baba ya danna hon har sau uku, wasu tsofaffi biyu da ke tsaye suna ɗaukar hoto suka zabura suka dafe ƙirji, Auta ta sunkuyar da kai don kunya. Ba a tsayawa a kwana, in ji shi, na bayanka bai san da kai ba. Na uku a kan gangara yake, ita kuwa gangara in ka tsaya birki ne ke ɗaukar zafi. Na huɗu shimfiɗaɗɗen wuri ne sumul, ba hawa ba gangara, har Inna ta fara gyara mayafi ta kama marfin ƙofa. Baba ya rage gudu, ya leƙa, ya ga babu mota ko ɗaya a wurin.

"Wurin da ba kowa? Da mata biyu da jaririya? Allah ya kiyaye. Inda ka ga direbobi sun guje wa, akwai dalili."

"Baba, safiya ce, mutane ba su iso ba ne!"

"To mu ma ba mu iso ba."

Wannan ita ce masifar. Dokokin nan ba ƙarya ba ne, su suka dawo da shi gida da ƙafafunsa shekara talatin da shida, kuma Inna ta sha yi wa Allah godiya a kansu. Amma dokokin tirela ne mai ɗauke da siminti. Ita kuwa hanyar nan daga farkonta har ƙarshe ba komai ba ce sai hawa da kwana da gangara da wurin da ba kowa, don haka ma aka yi ta, don haka ake zuwanta. Mutumin da ya rantse ba zai tsaya a waɗannan ba, ai ya rantse ba zai tsaya ba ke nan.

"Malam," ta ce a hankali, don ba ta saba sa masa baki a tuƙi ba, "ko minti biyar ne. In leƙa kawai."

"Ga shi nan kina gani ai."

"Hularka nake gani."

Ya cire hular ya ɗora a cinya, ya ci gaba da tafiya. A ganinsa an warware magana.

Auta ta ce to Inna ta dawo baya su yi musaya, ko ta samu ta leƙa ta saman kujerar jaririya. Sai dai musayar ma tsayawa take so. A na biyar Auta ta ɗaga murya, abin da ba ta taɓa yi wa ubanta ba. Ya dube ta ta madubi ya ce ta yi a hankali, amaryarsa na barci, kuma ita kanta ta san da an tsaya za ta farka. Abin haushi, gaskiya ya faɗa. A na shida wata doguwar motar 'yan yawon buɗe ido ce a gabansu, ya daɗe yana dakon wuce ta, tana kaucewa ta shiga wurin ya ce alhamdulillahi ya taka mai. Inna ta bi su da kallo ta gilashin baya, suna saukowa ɗaya bayan ɗaya, har da wata tsohuwa sa'arta ana riƙe da hannunta.

"A dawowa," in ji Baba, da ya ji shirun ya yi yawa. "A dawowa ruwan ɓangarenki zai koma, ki kalle shi har ki gaji. Aiki ake fara gamawa tukuna."

Wane aiki? Wa ya aike shi? Tambayar ta zo mata har baki ta haɗiye. Na bakwai, wanda Auta ta ce ya fi duka tsawo da kyau, hawa ne kuma kwana ne, ko kallonsa bai yi ba.

Daga nan hanya ta gangara ta bar teku, ta shiga wani gari mai masana'antu. Baba ya duba agogo ya washe baki.

"Awa nawa suka ce a takardar taku?"

"Biyar," Auta ta ce a daƙile. "Da tsaye-tsaye."

"Biyu da kwata! Ku je ku gaya musu."

Can gefen gari ya hango gidan mai, bayansa wani makeken fili cike da tireloli a jere. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Wannan karon sigina ta kama daidai, ya shiga ya faka tsakanin wasu manya biyu, ya kashe mota ya buɗe gabanta. Wai sai inji ya huce, ba a juyawa da mota da zafinta bayan hawa irin wannan. Auta ta ce motar nan ko ɗumi ba ta yi ba. Ya ce ita da shi wa ya fi daɗewa da sanin mota.

Nan suka zauna. Inna a kujerar roba, gabanta taya ce da ta kusa kai ta tsawo, iska na kawo warin baƙin mai. Auta ta shayar da jaririya, ta canza mata, ta zuba shayi Inna ta ce ta ƙoshi. Shi kuwa Baba ya ɓace cikin motoci. Ba ya jin yarensu, ba sa jin nasa, amma sai ga shi ya samu wani mai jan gemu suna ta nune-nune da hannu suna ƙyaƙyata dariya. Ya ƙwanƙwasa tayoyi, ya tsuguna ya leƙa ƙarƙashi, har sama aka hau da shi ya zauna a kan sitiyari, gwiwar da ke hana shi hawa bene ko tunawa da ita bai yi ba. Sau uku Auta na zuwa kiran shi, sau uku yana cewa ga shi nan.

Sai bayan azahar ya dawo, fuska fal annuri, yana goge hannu da tsumma.

"Kun ga amfanin tambaya? Ashe akwai babbar hanya ta bayan dutsen, miƙaƙƙiya, layi uku. Mutumin nan ya zana mini. Awa ɗaya da rabi muna gida. Mu da za mu yi sammako gobe, ga haɗa kaya."

Inna ta ɗago ta dube shi. Ta ji kunnuwanta sun yi zafi. Tura ta kai bango.

"Malam, me muka fito yi?"

"Kamar yaya?"

"Tambayarka nake. Yau da muka fito, siminti muka ɗauko? Akwai mai jiran mu a garin nan da takardar sauke kaya?"

"Innarsu, mutane fa na kallo."

"Su kalla, su dai sun samu abin kallo! Shekara talatin da shida ina raka ka bakin ƙofa ina kallon ƙeyarka. Ka tafi sati biyu, ka tafi wata, ka dawo ka ce ka je gari kaza, ka ƙetare ƙasa kaza. Ni ina? Ina tsakanin murhu da igiyar shanya. Ban taɓa cewa ka tafi da ni ba. Na zo nan wata uku, bango nake kallo. Yini ɗaya tak yarinyar nan ta roƙar mini, yini ɗaya a duk rayuwata, ka karɓe shi ka yi tsere da shi. Sau bakwai, Malam. Sau bakwai ana cewa ka tsaya. Ka kawo ni ka ajiye ni gaban taya, yanzu kuma ka ce ta bayan dutse?"

Muryarta ta karye, ta ji haushin hakan ma, don ba kuka ta so yi ba. Auta ta tsaya da jaririya a kafaɗa, ba ta taɓa jin uwarta ta yi wa ubanta magana mai tsawon haka ba. Baba ya dubi tsumman hannunsa, ya ninke shi biyu, ya sake ninkewa. Sannan ya je ya rufe gaban mota a hankali.

"Ku shiga," ya ce.

Ya juya kan mota ya kama hanyar da suka fito. Inna ta share ido ta matsa jikin taga, yanzu ɓangarenta ne, ta sauke gilashi tun kafin su fara hawa. Auta na baya tana duba waya tana duba sama, Inna ta ji ta ja wani dogon numfashi amma ba ta tambaye ta ba.

Suna shan kwana ta uku abin ya tarye su. Wani farin hazo ne mai laima ya taso daga ƙasa, yana kwararowa ta saman katanga yana rufe kwalta. Kafin su kai sama ko ƙarshen hancin motar ba a gani sosai. Baba ya kunna fitila, ya koma tafiyar hawainiya.

"Haka yake yi da yamma a irin wannan lokacin," Auta ta ce, murya ƙasa-ƙasa. "Wayar ta ce sai gobe da hantsi zai ɗaga."

Gobe da hantsi suna cikin jirgi.

Allon na bakwai ya fito daga cikin farin kamar fatalwa. Hawa ne, kwana ne, kuma babu kowa. Baba ya sa sigina, ya shiga, ya tsaya. Ya ja birkin hannu har sai da ya yi ƙara. Ya fita yana ɗingishi, ya yi ta dube-dube a ƙasa har ya samo wani dutse, ya kawo ya tokare tayar baya da shi, ya taka da ƙafa. Sannan ya zagayo ya buɗe wa Inna ƙofa, abin da bai taɓa yi ba.

Ta taka har bakin ƙarfen ta dafa. Sanyi ne da shi, jiƙe sharkaf. Gabanta fari, ƙasa fari, sama fari. Can ƙarƙashi, nesa sosai, wani abu mai nauyi na bugun dutse yana ja da baya, yana sake dawowa. Ta ji gishiri a leɓenta. Ta buɗe ido iya buɗewa har suka fara yi mata yaji, ba ta ga komai ba.

Auta ta leƙo ta taga. "Inna, akwai hotunan wurin a waya, in nuna miki?"

"Bar shi. Hoto ko a gida na gani."

Baba ya zo ya tsaya gefenta, ya bar ɗan rata a tsakani. Sun jima a haka.

"To kai faɗa mini," ta ce, ba tare da ta dube shi ba. "Da safe ai ɓangarenka yake, rana tar. Awa biyu yana gefenka. Yaya yake?"

Ya yi gyaran murya. "Kwana arba'in da ɗaya na sha daga ƙasa zuwa nan. Kwaltar mai kyau ce, sun iya aiki. Akwai wuri ɗaya bayan na huɗu da suka karkatar da ita ba daidai ba, in da kaya ne..."

"Ruwan nake tambaya."

Ya kawar da kai.

"Malam."

"Ban duba ba."

Ta juyo. "Ko sau ɗaya?"

"Ba a ɗauke ido daga hanya."

"To babban kogin nan da ka ce kana ƙetarewa duk sati, shekara goma sha? Wanda nake ba maƙwabta labari, ina cewa maigidana ya ce faɗinsa ba a ganin ƙarshe?"

"Yaran mota ne suka faɗa mini." Ya murza ƙarfen da tafin hannu. "Ni gadar na sani. Akwai rami a tsakiyarta, ta hannun dama. Sai gidajen mai, sai tasha. Su na sani."

Inna ta tsaya tana kallon shi, tsoho da hula a jiƙe, gemu ya kama raɓa. Shekara da shekaru tana jin kishin idanun nan, tana cewa su sun more, ashe kwalta suka yi ta kallo. Fushin da ta taho da shi yana nan bai tafi ba, sai dai ya rasa inda zai sauka. Tausayinsa ya kama ta, ta kuma ji haushin kanta da ta tausaya masa, don yininta dai ya tafi kuma ba mai biyan ta.

Ya ɗaga hannu zai duba agogo, ta ce, "Kada ka soma." Ya sauke.

Suka ci gaba da tsayuwa, ruwan na ta bugu a ƙasa. Can ya matso kaɗan, har kafaɗarsa ta taɓa tata.

"Ita Auta," ya ce a hankali, "wane launi ta ce miki?"

"Shuɗi. Wai daga bakin gaɓa kore-kore."

"Shuɗi," ya maimaita, yana leƙa farin da ke gabansu.

Sun kusa awa guda a wurin, har jaririya ta farka ta fara kuka. Hazon bai ɗaga ba.